Ƙofar da Ba Ta Karɓar Ɗan Aike

Ku da aka turo min ku koyi aiki, na ga irin kallon da kuke yi wa teburin nan. Kwamfuta ɗaya, ɗan akwatin dangwala yatsa, fanka mai kuka, sai tsoho yana gyangyaɗi. Jiya na ji ɗayanku a baranda yana cewa, "Wannan ai ba aiki ba ne, danne-danne ne kawai." Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka lokacin da gashin kaina yake baƙi. Yau dai babu sabis, babu abin da za mu danna, sai ku jawo kujera ku ji yadda danne-dannen yake.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Da tafireta na fara, a wani ɗan shago a Rijiyar Zaki cikin Kano, tun wajen yana gonaki da gidaje tsilli-tsilli. Ina buga wa mutane takardun neman aiki da na gayyatar biki, yatsuna kullum baƙi da tawada. Da mai shagon ya sayo kwamfuta, tsoronta ya hana shi taɓa ta, sai ya lulluɓe ta da zani. Ni na riƙa buɗe ta in ya tafi sallah, har na iya. A nan Malam Habu ya same ni. Shi ne shugaban sashen gona na wannan ƙaramar hukuma tamu, dogo, mai magana a hankali, ya kawo rahoto a buga masa. Ya tsaya a kaina yana kallon yatsuna, can ya ce, "Kai ɗan ina ne?" Na ce ɗan wajen Shanono. Ya ce, "To me kake yi a nan kana shan hayaƙin motoci? Taho gida, muna da irin wannan akwatin a sakatariya, ba mai iya tashin sa."

Malam Habu bai koya min kwamfuta ba, shi kansa da yatsa ɗaya yake bugawa har ya bar aiki. Ofis ya koya min: wa ake fara gaisarwa, wane ne in ya ce "za a duba" yana nufin a'a, yaushe ake yin shiru. Da azahar muna zama gindin darbejiyar can ta bayan sito, ya buɗe kwanon dambun da Inna, maiɗakinsa, ta zubo masa, mu sa hannu tare. Haka muka yi shekara da shekaru.

A wancan lokacin ƙofa ɗaya ce tsakanin mutum da aikin gwamnati, wato kalmar sirri. Sirrin kuwa sunansa kawai sirri. Rabin sakatariyar nan kalmarsu ɗaya ce, bismillah, wai don albarka. Sauran kuma sunan ɗan fari ne, ko lambar babur. Wanda ya fi kowa wayo shi ne mai rubuta tasa a takarda ya manna a ƙasan allon bugawa, inda kowane ɓarawo yake fara dubawa. Manya kuwa ba su ma san tasu ba, masinja ne ya sani. Kada ku yi musu dariya da yawa. Mu mutane ne masu aike. Tun kana yaro ake aiken ka, in ka girma kai ma ka aika. Mai gida ba ya zuwa kasuwa sayen gishiri, mai unguwa ba ya zuwa kiran mutum da ƙafarsa, neman aure ma wakilai ake turawa. Girman mutum a wurinmu har da yawan waɗanda zai iya cewa "je ka ce in ji ni." Sai ga wani abu ya zo daga sama wanda bai san "in ji ni" ba.

Abin da ya kawo shi, an ce wasu ne daga nesa suka shiga asusun kwamfutar wani jami'i a wata ƙaramar hukuma, suka yi ta sauya sunaye yadda suka ga dama, shi yana gida yana shan fura. Sai umarni ya zo cewa duk mai ikon amincewa da wani abu a na'urar gwamnati, sai ya wuce ƙofa uku. Aka kira mu Kano aka yi mana bita da Turanci mai yawa. Da na dawo, ga yadda na fassara wa mutanenmu: ƙofar farko abin da ka sani ne, kalmar sirri. Ta biyu abin da yake hannunka, wayarka, inda za a turo maka lamba. Ta uku abin da Allah ya halicce ka da shi, zanen yatsanka. Ɓarawo zai iya satar ɗaya, da wuya ya haɗa ukun. Kowa ya gyaɗa kai ya ce abu ya yi kyau, don ba wanda ya gane cewa ma'anarsa ita ce daga yau babu aike.

Aikin farko da na tuna, ranar da na buɗe rajista, masinjan wani babba ne ya shigo da waya a hannu, ya ajiye min a tebur. Ya ce, "Yallaɓai ya ce ka yi masa abin nan." Na ce, "Sai ya zo da kansa." Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. Ya ce, "Yallaɓai fa na ce." Na ce, "Na ji. Yatsan Yallaɓai nake so, ka zo da shi?" Ya kwashi wayar ya fita. Safiyar nan har rana ta take ba wanda ya leƙo ofishina, kowa yana jira ya ga yadda za a ƙare da ni. Sai ga Malam Habu ya taho a hankali, ya tsaya a bakin ƙofa inda duk baranda za ta gan shi, ya ɗaga murya abin da ba halinsa ba, ya ce, "Usmanu, na zo da kaina. Ga wayar, ga yatsan." Ya naɗe hannun riga ya dangwala babban yatsansa na dama. Bayan shi ne sauran suka fara sulalowa ɗaya-ɗaya. Yallaɓai ma ya zo, bayan an tashi daga aiki, don kada a gani.

Kuna ganin ɗan akwatin nan kuna cewa ai ɗora yatsa ne kawai. Ku jira damina. Ma'aikatanmu duk manoma ne, daga ofis sai gona. In aka yi noman fari aka yi maimai, ƙotar fartanya ta cinye zanen yatsa tas, ya yi sumul kamar bayan cokali. Mutum zai dangwala har ya yi gumi, na'ura ta ce ba ta san shi ba. Sai ya fusata ya ce, "Ni ne ba ta sani ba? Tun kafin a ƙera ta nake aiki a nan!" Dabarar ita ce ka ce ya goga yatsan a goshinsa ya ɗan sami maiƙo. In ya ƙi, ga ɗan gwangwanin man kaɗanya a aljihun teburin nan, a shafa kaɗan a goge da ƙyalle. Kada a cika, in an cika gilashin ne zai dusashe. Kuma kada ku yi wa manomi rajista da yatsa ɗaya tak in kuna da hali.

Mata kuma lalle ne. Akwai wata ungozoma ta asibitin wani ƙauye, ta zo ta yi rajista lafiya lau, bayan kwana biyu aka yi bikin ƙanwarta ta sha baƙin lalle har farce. Sai ga shi tana son ta nemo wa asibitin magunguna ta na'ura, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Tun daga nan na koyi tambayar mace, "Hajiya, wane yatsa ne kike bari ba lalle?" Wasu su yi dariya, wasu su ce ina ruwana. Sannan ba a kama hannun matar mutum a ɗora mata. Da baki za ka yi ta kwatance: ɗan matsa gaba, kwantar da shi, kada ki danne da ƙarfi. Abin da za a gama cikin ƙiftawar ido sai ya ci rabin safiya.

Waya ita ce ta fi ba ni wahala. A takardar da suka ba mu a Kano an ɗauka kowane mutum yana da wayarsa shi kaɗai, tana aljihunsa dare da rana. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a ƙauye ba. Wata malamar makaranta layinta da sunan mijinta aka yi, shi kuma ya tafi ci-rani kudu da wayar. Tana zaune a gabana, lambarta tana can tana faɗawa a aljihun mutum a bakin teku. Wani kuma wayarsa tana wurin mai caji a kasuwa, jere da wayoyin rabin gari, lambar sirrin gwamnati tana haskawa a kan tebur kusa da mai rake. Ga sabis ɗinmu da kuka gani. Lambar nan ba ta da haƙuri, in ba a shigar da ita da wuri ba mutuwa take. Kafin in ɗaure na'urar kama sabis a kan gorar can da kuke gani ta taga, sai mutum ya hau matakalar tankin ruwa da waya, lamba ta shigo, ya sauko a guje da babbar riga, ya iso tana macewa. Na ga dattijai masu furfura suna wannan tsere, kuma ba wanda ya yafe min.

Akwai kuma masu kira. Murya mai daɗi, Hausa tsantsa, da sallama da tambayar iyali. "Daga hedikwata nake, muna gyaran asusunka, karanto min lambar da ta shigo yanzu." Mutumin kirki ba ya iya ce wa mai sallama a'a, da wannan suke cin mu. Na bi ofis-ofis ina cewa, lambar nan ko ni na kira ku kada ku faɗa, ko shugaba ne, ko mahaifinku. Wani dattijo ya ce, "Yaro, kana koya mana rashin kunya ke nan." Na ce eh, ita nake koyarwa.

To a nan ne sana'ar ta fara cin mai ita. Sunan da aka sa min shi ne Malam Sai-ka-zo. Yara ma a hanya suna kira. Da wasa aka fara, ni ma ina dariya. Amma a hankali na lura in na iso majalisa hira tana canzawa. Wani ya kife wayarsa a cinya, wai da raha, "Ga mai ganin asirin mutane." Sun ɗauka duk kalmominsu suna cikin kaina, duk saƙonninsu ina karantawa. Na rantse na gaji cewa ni ba na ganin komai, ƙofa kawai nake gyarawa, ban san abin da ke ɗakin ba. Ba wanda ya yarda. Wanda kuma ya taɓa zuwa da uzuri na ce masa a'a, ya riƙe abin. Mutum ba ya son zama da wanda ya san ba zai rufa masa ba. Aka wayi gari gaisuwa tana nan, amma ba mai kira na in an yanka rago. Malam Habu kaɗai ne bai canza ba, da azahar zai leƙo ya ce, "Sai-ka-zo, to ka zo mana, dambu zai huce."

Shekarar da ba na mantawa, farkon sanyi ne, lokacin da masu noman rani na madatsar ruwan Watari suke gyaran fadama don alkama. Gwamnati ta ware irin alkama da taki ga ƙananan manoma, kuma ta na'ura za a tura sunaye. Malaman gona sun zaga sun tattaro, an shigar, abin da ya rage kawai shugaban sashe ya shiga asusunsa ya danna amincewa kafin a rufe rukunin farko. Malam Habu kuwa ba ya amincewa da abu sai ya bi shi suna bayan suna da yatsansa ɗaya. A iya saninmu yana cikin bi ne, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidansa. Aka kai shi asibiti Kano, suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan kwanaki aka dawo da shi gida, ba baki.

Alkama ba ta jira. Ku 'yan birni ba lallai ku sani ba: sanyi take so, tun tana tsiro har ta fitar da kai. In aka makara shuka, zafi ya riske ta tana cika ƙwaya, sai ka ga gona kore shar amma zangarniya ba nauyi. Kowane manomi a Watari ya san wannan, kuma kowa ya san sunansa yana cikin akwatin da mutum ɗaya ne yake iya buɗewa.

Sani, babban ɗan Malam Habu, shi ya zo min. Magidanci ne, shi ma yana da fili a fadamar. Ya zo tare da mataimakin shugaban sashe, wanda a lokacin ba a ba shi ikon amincewa ba. Sani ya ajiye wayar mahaifinsa a kan teburin nan, ya ce, "Baba Usmanu, ga wayar. An ce kai kana iya sake kalmar sirri. Ka taimaka, jibi za a rufe." Na ce, "Sake kalma sai da yardar mai ita. Kuma ko na sake, saura yatsa." Ya ce, "Yatsa ai yana gida. Mu je." Na ce, "Zan je da kayan aiki. In Malam ya nuna min ya yarda, ko da kai ne, ko da hannu, zan yi komai a gabansa." Sani ya ce, "Ai zai yarda, Baba. Aikinsa ne fa."

Washegari da hantsi na ɗaure kwamfuta da ɗan akwatin nan a bayan babur. Hanyar ta bi ta cikin fadama, ko'ina an yi kunya-kunya an jiƙa ƙasa, ana jiran iri. Da na isa, zauren gidan cike yake da manoma, sun ji labari. Suka tashi suna min sannu da zuwa, wani ya karɓi jakata, wani ya gyara min tsayuwar babur. Rabon da a tarbe ni haka har na manta. Wani tsoho ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yau kai ne ka zo da kanka."

Malam Habu yana kwance a kan katifa a ɗakinsa, an jingina shi da matashi. Bakinsa ya karkace, hannun dama yana ajiye a gefe kamar ba nasa ba. Inna tana tsaye a bayan labule. Na durƙusa na gaishe shi. Idonsa ya zo kaina ya wuce, yadda ido yake wuce bango. Na kunna kwamfuta, sabis kuwa ranar kamar da gayya, cike taf. Na kama hannunsa na hagu mai lafiyar, na ce, "Malam, ni ne Usmanu. Sunayen masu alkama ne. In ka yarda a tura, ka matsa hannuna." Na jira. Hannun yana da ɗumi, amma bai motsa ba. Na sake faɗa a hankali, kusa da kunnensa. Na kira sunayen ƙauyukan da ya sani. Na ce ko ka ɗaga kai, ko ka rufe ido ka buɗe. Can ya ƙifta, Sani ya yi farat ya ce, "Ka gani! Ya yarda!" Ni kuwa na ga ƙudan da ya sauka a gefen idon.

Sai Sani ya zagayo ya ɗago hannun dama, wanda da shi aka yi rajista, ya tallabo shi ya miƙo min. Na karɓa. Ga babban yatsan a tafin hannuna, zanensa raɗau, don ya kwana biyu bai riƙe fartanya ba. Ga gilashin yana haske a kan tabarma, tsakaninsu bai kai taƙi ba. Ku saurara da kyau, don wannan ba ya cikin takardar bita. Na'urar nan za ta karɓa. Ba ta san mai yatsa yana ji ko ba ya ji ba, ba ta san ko shi ya kawo hannun ko kawo masa aka yi ba. Duk ƙofofin nan uku da ake ta yabo, a ɗakin nan babu ko ɗaya da ta rage a rufe. Ni kaɗai na rage.

Na mayar da hannun na ajiye masa a kan bargo, na jawo akwatin na sa a jaka. Sani ya ce, "Baba, mene ne haka? Yatsansa ne fa, ba na wani ba." Na ce, "Yatsansa ne, amma ba shi zai dangwala ba, mu ne. Na'ura za ta rubuta cewa Malam Habu ya duba ya amince da kansa. Shi kuwa bai ma san muna ɗakin nan ba." Ya ce, "To wa aka cuta? Sunayen nan na talakawa ne, ba na ɓarayi ba." Na ce, "Ban ce an cuci kowa ba. In na yi yau don alkama, gobe wani zai kawo min hannun wani mara lafiya don wani abu, ya ce ai an taɓa yi." Ya ce, "Gobe kake ji, mu yau muke ji." Daga bayan labule Inna ta yi magana, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Usmanu, kai ne kuwa?"

Sai na bi ta zauren nan in fita. Tsohon da ya sa min albarka ya ce, "An gama?" Na ce, "Ba a gama ba, Baba." Na yi musu bayani iya yadda zan iya, na ce zan tafi Kano yau ɗin nan in nemo a mayar da ikon hannun mataimaki. Ba wanda ya zage ni. Na yi sallama, mutum ɗaya ne ya amsa, shi ma ciki-ciki.

Na je Kano kuwa, na yi ta hawa bene ina sauka. Wanda zai sa hannu a mayar da ikon ya yi tafiya. Na roƙi na ƙasa da shi ya taimaka, ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, ai ka san dokar. Sai ya zo da kansa." Ban taɓa jin ɗacin maganar nan ba sai ranar da aka faɗa min ita. Kafin ya dawo a gama, an rufe rukunin farko. Sunayen mutanenmu suka faɗa na biyu, irin ya iso sanyi ya riga ya raba.

Masu ɗan hali sun sayi iri a kasuwa sun shuka a kan lokaci. Sauran, waɗanda dominsu aka yi abin, suka shuka a makare. Ta hanyar nan nake bi kullum, na ga alkamar ta tashi kyakkyawa, har na fara sa rai. Sai zafi ya sauko da wuri. Na tsaya wata rana na murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, na hura, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. A shekarar samari da yawa daga ƙauyukan nan suka tafi ci-rani waɗanda ba su saba tafiya ba. A masallaci ana haɗa kafaɗa da ni a sahu, don dole ne, amma in an sallame hannu yana tsallake ni. Matata ta daina jin labarin suna ko biki sai an gama. Da azahar nake rufe ƙofar ofis in ci abin da na zo da shi a kan teburin nan. Na ji kaɗaici a shekarar nan irin wanda ban san akwai shi ba, a garin da aka haife ni.

Kada ku zaci daga sama wani ya ce min sannu. Ba wanda ya san an yi. Na'ura tana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, amma ba ta da wurin rubuta abin da aka ƙi yi. Wannan shi ne rabin sana'ar da kuka zo koya, kuma ranar da taku za ta zo, ba mai bita ko shugaba a kusa, daga ku sai mutanen da kuke jin kunya.

Gab da faɗuwar damina aka ce bakin Malam Habu ya fara dawowa. Na yi ta ɗaga zuwa, yau gobe, har dai na ga abin zai zama rashin mutunci. Na same shi a tsakar gida a kan kujera, an rufa masa zani a ƙafa, ya rame. Wannan karon idonsa ya tsaya a kaina. Muka gaisa, maganar tana fita da ƙyar, kalma tana jan kalma.

Ya ce, "An ce ka zo da na'urarka."

Na ce, "Na zo, Malam."

"An ce har ka riƙe hannuna."

"Na riƙe."

Ya daɗe yana tattaro numfashi. Ya ce, "Da ka dangwala, Usmanu. Sunayen nan na gama bin su tun ranar Alhamis. Ba wanda zan cire. Na bari ne sai Litinin, Allah ya yi ikonsa."

Na ce, "Ban sani ba, Malam."

Ya ce, "Ka san ni ai."

Na ce, "Na san ka. Amma na tambaye ka, ba ka ce ba."

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannun nan na dama a kan cinyarsa. Kaji suna ta tone-tone a gindin rumbu, Inna tana daka a can ciki, na ji ta tsaya. Can ya ce, "Gaskiya ne. Ban ce ba."

Na zauna ina jira ya ƙara wani abu. Ko faɗa ne zan ɗauka, ko ya ce na yi daidai, ko ya ce ya yafe. Na ga leɓensa yana motsi, na matso kusa don kada kalma ta kuɓuce min.

Ya ce, "Ka gaida mutanen gida."

Na ce za su ji. Na sa takalmana, na ratsa tsakar gidan, na wuce Sani yana gyaran garma bai ɗago ba. Tun ina saurayi nake shiga gidan nan, ban taɓa fita ba sai an taka min har gindin babur. Ranar na tsaya a zaure ina ta gyaran hular da ba abin da ya same ta, ina sauraron ko zan ji takun wani a bayana. Da na ga tsayuwar ta yi yawa, na tura babur ɗina na fita.